Maganin da Na Sa a Akwati

Na rubuta muku labarin kakanku da shanunsa, na rubuta yadda na shiga tashar Sabon Birni ina ɗan kamisho har na zama mai kula da lodi, duk alƙalamin bai yi min gardama ba. Wannan babin kuwa wata uku ke nan ina kewaya shi. Magana ce a kan rasuwar Innarku Kulu, da kuma ƙanenta, Kawunku Ladan, wanda yau shekara huɗu kuna yi masa gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Abin da kuka sani shi ne ƙodar da ya ba ta ce ba ta da kyau. Ba haka ba ne. Na san ba haka ba ne tun ranar da aka fara faɗa, na kuma yi shiru. Hadiza, ke ce babba, ke za ki fi jin zafin abin da ke tafe, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai kun san tasha kafin ku gane irin wautar da na yi. Shekara talatin ina ɗora kaya a motocin Isa da Shinkafi da Sakkwato da na Maraɗi, kuma doka ɗaya ce ba ta taɓa canzawa ba: kaya shi ke kama kujera. In ka kawo buhunka aka ɗaure shi a bisa mota, to ka shiga ke nan, ko kasuwa ka koma sai an aika an nemo ka. Mota ba ta tashi da kayan mutum ta bar shi. Fasinjan kirki shi ne wanda ya ba da kayansa ya sami inuwa kusa da mota ya zauna, bai dami kowa ba. Mai yawan zuwa yana tambaya yaushe za a tashi, shi muke yi wa dariya, mu ce baƙauye ne bai taɓa tafiya ba. Sannan abin da ke hannu shi ke ɓata. Na tsinci jakar mata a ƙarƙashin benci ba adadi, amma kayan da na ɗaure da hannuna ban taɓa jin an ce ya faɗi ba. Da wannan nake tinƙaho, kuma har ga Allah ina ganin a ƙasar Gobir babu wanda ya fi ni sanin tafiya.

Shekarar da ƙodojin Innarku suka tsaya, kun ga abin da muka gani. Sau biyu a mako ana kai ta Sakkwato wankin ƙoda, a hanyar da in mota ta tashi ba a san ko za ta isa ba saboda 'yan bindiga. Ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Da likitoci suka ce sai dashe, aka gwada jininku bai dace ba, sai ga Ladan ya zo daga Gatawa da ƙurar gona a ƙafarsa. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da na auri yayarsa. Shi yana ce min ɓarawon Yaya, ni ina ce masa baƙauyen Gatawa, ba mu taɓa haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ranar nan ma da wasa ya fara, ya ce ya zo ya ga ko ɓarawo ya gaji ya maido masa abarsa. Da aka gwada aka ga nasa ya dace, na ja shi zaure na ce ya yi tunani, yana da iyali, kuma aikinsa na ƙarfi ne.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ni biyu, ita ba ta da ko guda. Mi za ni yi da biyu? Ba da su nike riƙon galma ba."

Haka muka sayar da abin da muka sayar, 'yan'uwa suka taimaka, mu uku muka tafi Indiya. A hanyar zuwa wani abu ya faru wanda na raina a lokacin, amma shi ne tushen komai. Limamin unguwarmu ya yi wa Innarku rubutu, ta zuba a gora ta riƙe a hannu. A wurin bincike aka ƙwace gorar aka jefa a kwandon shara muna kallo, ba wanda ya saurari bayanina. Kayan da muka ba da aka auna kuwa, har daddawa da kuka da ke ciki, suka isa lafiya lau. Sai na ce a raina ashe jirgi ma tasha ce: na hannu shi ke salwanta, wanda aka ɗaure aka ba ka shaida shi ke isa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Aiki ya yi kyau, wannan nake so ku riƙe. Ƙodar Ladan ta kama aiki tun a ranar. Cikin mako biyu Innarku ta tashi tana yawo a barandar asibiti, fuskarta ta ciko, ta fara yi min faɗa a kan ina barin hula a kan gado, na san ta dawo. Ladan ya warke ya riga mu komawa saboda damina ta kusa, mu muka ƙara wata biyu ana duba ta. Duk gwajin da aka yi sai likitan ya ɗaga babban yatsa. Da za a sallame mu aka ba ta magani na wata shida, iri biyu su ne manya, ana sha safe da yamma. Tafintan asibitin ya maimaita mana har sau uku cewa jikin mutum baƙo yake ɗaukar ƙodar wani, maganin nan shi ke hana jiki ya yaƙe ta, kuma ko kwana ɗaya kada a tsallake. Na ce na ji. A shekarar waya ba ta shiga yankinmu, sai ke Hadiza kika baro asibitin da kike aiki a Isa, kika je can wajen iyaka inda sabis ɗin Nijar ke kamawa, don kawai ki faɗa min abu ɗaya ana gobe za mu taso.

Kika ce, "Baba, don Allah maganin ga shi zamna hannun Inna. Kada a sa shi cikin kaya."

Na ce, "Ke Hadiza, tahiya za ki koya man? Tun ba a haihe ki ba nike ɗora kaya."

Kika yi dariya, kika ɗauka na yarda. Da muka zo haɗa kaya, Innarku ta sa magungunan da takardun asibiti a wata 'yar jaka mai ruwan toka ta rataya. Na tuna gorar rubutu. Na ga a idona an zazzage maganin wata shida a kwandon shara ni kuma ba bakin da za ni yi musu da shi. Sai na karɓi jakar. Ta ce min Hadiza ta ce a hannu, na tambaye ta ko Hadiza ta taɓa shiga jirgi. Na yi lissafi irin na direba: tafiyar yini ɗaya da dare ɗaya ce, za mu sauka a wata ƙasa mu canja jirgi, mu kwana a Kano. Na ɓallo na kwana ɗaya, na ƙara na safiya ɗaya don ko ta kwana, na sa a aljihun rigata. Sauran na tura shi tsakiyar babban akwati tsakanin zannuwa, na kulle, na kawo igiya na yi masa ɗaurin da nake yi wa kayan Maraɗi. Da aka auna aka manna min 'yar takardar shaida a bayan tikiti, sai na ji hankalina ya kwanta.

Ba za ni faɗi sunan kamfanin jirgin ba, ko ƙasar da muka sauka, don kada ku sami wani sabon wanda za ku ɗora wa. Mun sauka da hantsi. Wani ma'aikaci ya turo Innarku a keken marasa lafiya har bakin ƙofar da za a shiga jirgin Kano, ya nuna mana lamba, ya tafi. An ce tashi da azahar. Azahar ta yi aka ce an ƙara awa biyu. La'asar ta yi aka sake ƙarawa. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, mutumin da ya sha ganin mota ta kwana ba ta cika ba. Dab da magariba aka yi sanarwa da Turanci, sai na ga mutane sun miƙe gaba ɗaya kamar an watsa wa kaji tsaba, kowa ya ja jakarsa yana sauri. Na kalle su har ina jin tausayinsu. Wata mata mai jiki da ke kusa da mu, da muka gaisa tun da rana, ita ta tsaya ta yi mana bayani. Sunanta Hajiya Rabi, 'yar kasuwa ce ta Maraɗi, tana jin Faransanci da ɗan Turanci, kuma hanyar nan ta saba binta. Ta ce jirginmu ya sami matsala an soke shi, za a raba mutane a wasu jirage cikin kwanaki, wanda ya riga isa teburin kamfani shi ke samun wuri, kuma ana kai mutane otal a cikin gari su jira.

Ta ce, "Alhaji, tashi mu tai layi. Nan ba a kiran mutum, kai ka kai kanka."

Na ce, "Kayanmu na ciki, Hajiya. Jirgin da ad da kayanmu ba shi tashi shi bar mu."

Ta dube ni, ta dubi Innarku da ƙyallen da ke rufe da hancinta. Ta tambaya ko maganin marar lafiya yana tare da mu. Wannan ita ce tambayar da ta kamata in tsaya a kanta. Amma mace ce, baƙuwa, ga shi tun da rana na cika mata baki cewa ni tsohon ɗan tasha ne. Na taɓa aljihuna na ce muna da shi. Ƙarya ce mai kama da gaskiya, irin wadda ta fi kowace muni. Innarku ta sunkuyar da kai, don ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba. Hajiya Rabi ta yi mana sallama ta bi layi. Daga baya wani ma'aikaci ya zo da takarda yana nuna mana hanya da hannu, ina jin otal ɗin yake nufi. Na nuna masa shaidar kaya, na nuna ƙofar jirgi, na girgiza kai. Ya ɗaga kafaɗa ya ba mu takardar karɓar abinci ya wuce. A wurina ba a barin bakin mota in kayanka na kanta.

Wurin nan sanyi ne da shi kamar cikin randa, kujerun kuma an raba su da ƙarfe yadda mutum ba zai miƙe ba. Na shimfiɗa mata babbar rigata a ƙasa bayan wani ginshiƙi, nan muka kwana. Washegari da safe ta sha ƙwayoyi na ƙarshe, na maida fankon ledar maganin aljihu. Yini muka yi ina kallon ƙofar nan. Jirage suna zuwa suna tashi, ana kiran garuruwan da ban taɓa ji ba, mutane suna cika kujeru suna watsewa, mu muna nan. Duk sanda aka buɗe ƙofa sai in miƙe in nuna tikiti, a duba a ce ba namu ba ne. Abincin da ake ba mu burodi ne da wani abu mai tsami, ita ba ta iya ci, sai shayi. Da la'asar, lokacin shan magani ya yi ya wuce, ta kira ni a hankali ta ce in nemi wani in faɗa masa. Na ce ta yi haƙuri, yanzu za a kira mu, da mun sauka Kano za ni kwance akwati tun a filin jirgi. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne ba ta nuna komai ba. Ba zazzaɓi, ba ciwo, ƙafa kawai ta ɗan kumbura, na ce zama ne. Na ɗauka maganin nan kamar na hawan jini ne, in ka tsallake ka rama. Tafinta ya faɗa min sau uku, amma abin da idona bai gani ba ban ba shi girma ba.

Tsoro ya fara shiga ni a rana ta biyun nan, ba na musu. Amma tsoron da ya fi shi ƙarfi shi ne in tashi daga wurin a kira mu ba na nan. Ko alwala za ni yi da gudu nake dawowa. Na gwada kiran gida da wayar wani ɗan Ghana mai kirki, ba ta shiga ba, kuma Allah ya sani da ta ƙi shiga har wani sauƙi na ji, don ban san abin da za ni ce wa Hadiza ba.

A rana ta uku da hantsi sai ga Hajiya Rabi ta dawo, ta yi wanka ta canja kaya, an ba ta jirgin da zai bi ta wata ƙasa ya kai ta Yamai. Ta zo wucewa ta gan mu a inda ta bar mu. Ta tsaya cak ta yi salati. Kafin in buɗe baki Innarku ta riga ni, karo na farko a zamanmu. Ta ce mata maganinta ya ƙare tun jiya da safe, sauran yana cikin kaya. Hajiya Rabi ta kama keken da kanta ta tura, ni ina biye da su da rigata a kafaɗa, muka yi tafiya mai nisa har teburin kamfani, wanda ashe duk kwanakin nan yana can bayan shaguna. Ta kutsa gaban layi tana magana da ƙarfi tana nuna marar lafiya. Matar da ke teburin ta karɓi shaidar kayana ta danna na'ura, ta yi wata magana. Hajiya Rabi ta juyo ta ce min akwatin ba ya ƙasar, tun shekaranjiya aka tura shi Najeriya a wani jirgi. Sai da na sa ta maimaita. Kwana biyu ina gadin ƙofa saboda kayan da suka riga suka tafi suka bar mu. Na fito da fankon ledar maganin, ta karɓa ta karanta sunan.

Ta ce, "Alhaji, otal ɗin da anka kai mu, kemis na ƙasa nai, babba. Kwana biyu ina wuce shi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta kai mu wani ɗan asibiti da ke cikin filin jirgin, sannan aka kira jirginta, ta rungumi Innarku ta tafi, ban ko karɓi lambarta ba. Likitan wurin ya duba ledar ya ce ba su ajiye irin wannan, sai babban asibiti a cikin gari. Ya nemi takardun aikin da aka yi mata, na ce suna cikin akwati. Da taimakon wani ma'aikaci mai ɗan jin Larabci, ni kuma da guntun Larabcina na makarantar allo, na gane zaɓin da ke gabanmu. Kamfani ya samo mana kujera biyu gobe da safe, zuwa Legas. In muna son asibitin gari, sai an nemi izinin fita, abin da zai iya cin yini ko fiye, kujerun kuma su wuce, ba a san ranar da za a sami wasu ba. Na tsuguna gaban keken na faɗa mata duka.

Ta ce, "Kai ni gida, Alhaji. Na gaji da ƙasar mutane."

Na sha gaya wa kaina cewa ita ta zaɓa. Gaskiyar ita ce na yi murna da ta faɗi haka, don ni ma gidan nake so, inda na san hanya, inda ba za a sake kallona kamar yadda Hajiya Rabi ta kalle ni ba. Mace ce mai kwana biyu a ƙasa ba barci, ba ita ya kamata ta yanke ba. Ni ne mai lafiya, ni na ji abin da tafinta ya ce.

Muka kwana na uku a wurin. Jirgin Legas ma sai da ya yi jinkirin rabin yini. A Legas na zagaya shagunan filin jirgi da ledar nan ba a samu ba, na Sakkwato kuma aka ɗaga shi zuwa washegari. Sai a rana ta shida da tasowarmu na sami maganin a wani kemis a Sakkwato, bayan na shiga shaguna wajen goma. Akwatin ya iso bayan kwana goma sha ɗaya. Ɗaurina yana nan yadda na yi shi, ko kulli ɗaya bai motsa ba, 'yar jakar nan mai ruwan toka tana kwance tsakanin zannuwa. Kafin mu kama hanyar Sabon Birni Innarku ta ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu, ba ta son 'ya'ya su raina ni. Na karɓa da hannu biyu. Kun tarbe mu da murna, aka yi ta zuwa barka, Ladan ya zo da rago yana cewa a gaya wa ɓarawo yanzu rabin matarsa nasa ne. Hadiza, kin tambaye ni ko jinkirin jirgi bai taɓa magani ba, na ce miki yana hannu.

Mako uku muka zauna a gida ba mu ga likita ba, don ranar da aka ba mu ba ta yi ba, ni kuma ba ni da dalilin da za ni bayar na zuwa da wuri. Sai zazzaɓi ya zo, fitsari ya ragu, gefen da aka yi aikin ya kumbura yana zafi. Muka kai ta Sakkwato, ni da ke Hadiza da Ladan. Likita ya duba sakamakon gwaji ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya tambaya ko ta taɓa tsallake magani. Na buɗe baki, wallahi ban san abin da zai fito ba, sai ta riga ni.

Ta ce, "Ko sau guda, likita."

Likitan ya gyaɗa kai ya ce to, wani lokaci haka jiki ke yi, ya ƙi ƙodar da aka ba shi. Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma na ga fuskar Ladan a lokacin, na ga yadda ya kai hannu ya dafa gefen cikinsa. Kafin mako ya zagayo magana ta canja kama a bakin mutane. Aka ce ƙodar Ladan ce ba ta da kyau. Wasu suka ce ai manoman Gatawa ƙwayoyin ƙarfi suke sha don aikin gona, shi ya lalata ta, ya sani ya ɓoye. Ladan da ko goro bai dame shi ba. Ku ma kuka ɗauka, na ji ɗan'uwanku Nasiru da kunnena yana cewa da an sani da an nemi ta wani. Ina zaune a zaure ina ji.

An yi ƙoƙari, ƙodar ba ta dawo ba. Aka koma wanki, jikin kuma ya riga ya gaji. Wata biyar ta yi. Ban ce da an faɗa wa likita gaskiya da ta rayu ba, ajali na Allah ne, kuma ranarta ba za ta wuce ba. Amma ajali bai ɗauke wa mutum abin da hannunsa ya yi. Ana saura kwana biyu ta rasu, da rana, ku kun fita tsakar gida, ta kama bakin rigata. Ta ce ta rufa min asiri ba ta san a kan ƙanenta rufin zai faɗa ba, tun da aka dawo daga asibiti bai iya haɗa ido da ita. Ta ce in gaya masa. Na ce za ni gaya masa. Ranar jana'iza na ce sai an share makoki. Bayan arba'in na ce sai an yi girbi. Da aka kai hari Gatawa suka gudo Sabon Birni na ce ba yanzu ba, yana cikin wani tashin hankali. Shi kuma ya daina shigowa gidan nan, in mun haɗu a masallaci ya ce Alhaji ina kwana, in ce lafiya lau, shi ke nan. Haka na ci shekara huɗu, kuna girmama ni kuna yi masa kallon banza.

Ranar Laraba da ta wuce na je. Na same shi da hantsi a ƙofar ɗakin da yake haya, yana gyaran ƙotar galma, ya tsufa fiye da shekarunsa. Na ƙi tabarmar da ya miƙo, na zauna a ƙasa, na faɗa masa tun daga gorar rubutu har ɗakin likita, ban rage komai ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Wato ta yi aiki?"

Na ce, "Ta yi, Ladan. Wata uku likitoci na yabon ta."

Ya ajiye galmar ya dafa gefen cikinsa kamar yadda ya yi a asibiti. Ya ce shi ya ɗauka shi ya kashe ta, shekara huɗu bai iya zuwa kabarinta ba don kunya. Hawaye na zuba a gemunsa bai share ba. Na ce ya yafe min don Allah, ba don na cancanta ba.

Ya ce, "Tashi ka tahi, Alhaji. Ba yau ba."

Na tashi na taho. Ban sani ba ko za ni kai ranar da zai ce ya yafe, kuma in bai faɗa ba bai zalunce ni ba. Abin da kuka ga dama ku yi da ni bayan kun karanta wannan, ku yi, na ci bashin girman da ba nawa ba. Amma mutumin nan ya kwanta an yanka shi don uwarku, ya ba ta lafiyayyar ƙoda, ubanku ya sa maganinta a akwati. Ni ya ce wa ba yau ba. Ku bai ce muku haka ba, don haka ku sa takalmanku ku je yau.